Kafin a Nemi Kaka, a Nemi Ƙauyensa: Yadda Ake Bin Salsalar Iyali a Sulobakiya

A garuruwan haƙar kwal na jihar Pennsylvania da ke Amurka, ana samun iyali ɗaya riƙe da takardu uku na kakansu, kowace takarda da ƙasar haihuwar da ta ba shi. Takardar jirgin ruwan da ya kawo shi ta ce Hangari. Ta ƙidayar jama'a ta ce Ostiriya. Ta mutuwarsa ta ce Cekosulobakiya. Jikoki kuwa sun tashi suna jin ana cewa su Sulobakawa ne. Babu wanda ya yi ƙarya cikin waɗanda suka cike takardun nan. A ƙauye ɗaya aka haifi mutumin, bai gusa ba sai ranar da ya kama hanyar teku. Ƙasashe ne suka yi ta sauyawa a kan ƙauyen.

Yankin da ake kira Sulobakiya a yau ya shafe kusan shekara dubu a cikin masarautar Hangari, ana ce masa Hangari ta Sama. Daga 1867 masarautar ta zama rabin daular Ostiriya da Hangari. A watan Oktoba na 1918 aka kafa Cekosulobakiya, yarjejeniyar Trianon ta 1920 ta shata iyaka. A 1938 aka yanke kudancin ƙasar, har da birnin Košice, aka miƙa wa Hangari, ya zauna a hannunta zuwa 1945. Sai ranar 1 ga Janairu 1993 Sulobakiya ta yau ta tsaya da ƙafarta. Duk hukumar da ta zo, da harshenta take zuwa, da irin rubutunta, wani lokaci har da sabon sunan da za ta raɗa wa gari.

Saboda haka sunan ƙasa ba ya kai mai bincike ko'ina, sunan dangi ma da wuya ya kai shi. Abin da ke buɗe ƙofa shi ne sunan ƙauye, sai kuma ɗarikar addinin da iyalin ke bi. Dalili kuwa shi ne, kafin 1895 babu wata rajistar haihuwa ta ƙasa baki ɗaya. Kowace coci ce ke riƙe da littafinta, kuma har yau bisa sunayen garuruwan coci aka jera littattafan a ma'ajiyar takardun tarihi. Ƙasar tana da garuruwa da ƙauyuka kusan 2,900. Wanda bai san nasa ba, sai dai ya yi ta lalube.

Abin da ke ba mutane da yawa mamaki shi ne, sau da yawa ba a Sulobakiya ake samo sunan ƙauyen ba, a ƙasar da kakan ya sauka ake samo shi. Daga shekarun 1870 zuwa ɓarkewar Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1914, Sulobakawa kusan rabin miliyan ne suka tafi Amurka, a lokacin da masu magana da harshen a cikin Hangari ba su wuce kimanin miliyan biyu ba. Mafi yawansu daga gundumomin gabas suka fito, Šariš da Zemplín da Spiš da Abov, inda gona ta yi kaɗan, baki ya yi yawa, ga annobar kwalara ta 1873 da ta ƙara jefa mutane cikin ƙunci. Sun shiga ramukan kwal na Pennsylvania da masana'antun ƙarfe na Pittsburgh da Cleveland. Da yawa ba su je da niyyar zama ba. Sukan tara kuɗi su koma su sayi gona, kuɗin ya ƙare su sake tafiya, shi ya sa ake iya samun mutum ɗaya a jerin fasinjojin jirgi sau biyu ko uku.

Jerin fasinjojin nan ba darajarsu ɗaya ba. Na farko-farko suna ne kawai da shekaru da ƙasa. Daga 1906 aka fara rubuta garin haihuwa, daga 1907 kuma aka ƙara suna da adireshin ɗan'uwa mafi kusa da mutum ya baro a gida. Wannan layi guda ya warware wa iyalai da dama matsalarsu, domin a nan za ka ga an rubuta sunan mata ko uwa tare da ƙauyen da take. Idan kakanka ya shiga kafin lokacin, nemi ƙaninsa ko ɗan ƙauyensu da ya biyo shi daga baya, don mutanen ƙauye ɗaya sukan bi juna zuwa unguwa ɗaya. Haka takardun neman zama ɗan ƙasar Amurka: waɗanda aka cike daga ƙarshen Satumba na 1906 suna ɗauke da garin haihuwa, na baya kuwa galibi ba su da shi. A ɓangaren Turai, jerin waɗanda suka tashi daga tashar Hamburg ta Jamus ya tsira, daga 1850 zuwa 1934. Na Bremen, tashar da Sulobakawa da yawa suka bi, mafi yawansa ya salwanta.

Akwai wani labari da ake yawan ji, wai jami'an tsibirin Ellis da ke New York, inda aka riƙa tantance baƙi tun 1892, su ne suka sauya wa mutane suna. Ba haka ba ne. A tashar da jirgi ya taso ake rubuta jerin, jami'an tsibirin dubawa kawai suke yi. Sauyin suna daga baya yake zuwa, a wurin aiki, ko a makaranta, ko kuma mutum da kansa ya sauƙaƙa sunansa don a daina karya shi. Amfanin sanin wannan shi ne, sunan da ke kan takardar jirgi ya fi kusa da na gida, don haka shi ya kamata a riƙe.

Wata taska da ake yawan mantawa da ita ita ce ta ƙungiyoyin taimakon juna. Aikin rami aiki ne mai cin rai, kamfani kuma ba ya kula da gwauruwa da marayu, sai ma'aikatan suka kafa nasu asusun. A 1890 wani fada, wato limamin coci, mai suna Štefan Furdek ya jagoranci kafa ƙungiyar Katolika da aka fi sani da Jednota a Cleveland. A shekarar dai Peter Rovnianek ya kafa Ƙungiyar Sulobakawa ta Ƙasa a Pittsburgh. Mata ma sun kafa nasu, Lutarawa, wato Furotesta mabiya Martin Luther, sun kafa tasu. Takardun shiga ƙungiya da na biyan kuɗin mamaci sukan ambaci ƙauye, jaridunsu kuma suna buga sanarwar rasuwa. A ganina waɗannan sun fi takardun hukuma aminci wajen rubuta sunan ƙauye, saboda sakataren reshe Basulobake ne, ya san yadda ake furta sunan, wataƙila ma daga kwari ɗaya suka fito da mamacin. Cocinan Sulobakawa na Amurka su ma haka: fada yakan rubuta ƙauyen ango da na amarya a littafin aure. Cibiyar Sulobakawa da ke Cleveland, da ma'ajiyar tarihin baƙi ta Jami'ar Minnesota, da gidan tarihi da laburaren Cekawa da Sulobakawa na Cedar Rapids a jihar Iowa, duk suna riƙe da irin waɗannan takardu da jaridu.

To an samu sunan ƙauye. Sai a duba taswirar yau a ga babu shi.

Wannan ba abin tayar da hankali ba ne. Kusan kowane gari a ƙasar yana da suna biyu ko uku. Bratislava, babban birnin, sai a 1919 ta samu wannan suna. Kafin nan Jamusawa na ce mata Pressburg, Hangarawa na ce mata Pozsony, Sulobakawa na ce mata Prešporok. Košice ita ce Kassa, ita ce Kaschau. Prešov ita ce Eperjes. Spišská Nová Ves kuwa Igló ce a takardun Hangari, sunan da ko kama ba su yi ba. A 1898 majalisar Hangari ta yi dokar daidaita sunayen garuruwa, kuma a shekarun da suka biyo baya aka sauya wa ƙauyuka masu yawa suna zuwa na Hangaranci, daidai lokacin da hijira ta fi ƙarfi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai abin ya juya: a 1948 aka raɗa wa garuruwan kudu sunayen Sulobakanci, kamar Parkan da ta koma Štúrovo. Ga kuma sunayen da ke maimaituwa. Ƙauyukan da ake kira Lehota ko Nová Ves ko Poruba suna da yawa a gundumomi daban-daban, don haka dole a haɗa sunan ƙauye da na tsohuwar gundumarsa.

Littattafai biyu ne ke fitar da mutum daga wannan ruɗani. Na farko aikin masanin harshe Milan Majtán ne, wanda aka buga a 1998, ya bi sunan kowane gari yadda ya riƙa sauyawa daga 1773 zuwa 1997. Na biyu kundin garuruwan Hangari ne da János Dvorzsák ya fitar a 1877. Shi wannan yana da wata fa'ida ta musamman: a gaban kowane ƙauye ya nuna yawan mabiya kowace ɗarika da garin da cocinsu take. Ƙaramin ƙauye ba lallai ya kasance da fada ba. Katolikansa na iya zuwa garin gabas a yi wa 'ya'yansu baftisma, Lutarawansa su tafi garin yamma, Yahudawansa kuma rajistarsu na wani gari na uku. Akwai kuma rumbun sunayen dangi na 1995 da cibiyar nazarin harshe ta Ľudovít Štúr ta ɗora a intanet, wanda ke nuna garuruwan da kowane suna ya fi yawa. Idan sunan ba gama-gari ba ne, yana iya nuna maka kwarin da za ka fara dubawa. Idan kuwa Horváth ne ko Kováč ko Varga ko Tóth, waɗanda suka cika ƙasar, ba zai tsinana maka komai ba.

Yanzu sai littattafan coci, waɗanda Sulobakawa ke kira matriky. Su ne ƙashin bayan aikin gaba ɗaya. Majalisar Trent ta cocin Katolika ce ta wajabta rubuta baftisma da aure a 1563, aka ƙara rubuta mutuwa a 1614. A aikace, saboda yaƙe-yaƙe da gobara, yawancin littattafan ƙauyuka daga ƙarshen ƙarni na 17 ko cikin na 18 suke farawa. A farkon shekarun 1950 gwamnatin gurguzu ta karɓe su daga hannun coci, tsofaffin suka koma ma'ajiyoyin gwamnati da ke ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, a Bratislava da Nitra da Bytča da Banská Bystrica da Košice da Prešov da Levoča da sauransu. Ƙwace ne, babu wani suna da za a ba shi, amma ya tara littattafan a wurare kaɗan, abin da ya sa daga shekarun 1990 aka iya ɗaukar hotonsu. A yau shafin FamilySearch yana da tarin littattafan coci da na majami'un Yahudawa na ƙasar, daga 1592 zuwa 1935, kuma kyauta ake shiga bayan an yi rajista, ko da yake akwai hotunan da sai a cibiyoyinsu ake iya buɗewa.

An fitar da sunaye da yawa daga littattafan an sa su a na'urar bincike, ta yadda mutum zai rubuta suna ya ga sakamako. Taimako ne babba, amma ina jan kunnen duk mai farawa da kada ya tsaya a nan. Masu kwafar sunayen mutane ne da ke fama da tsohon rubutun hannu a harshen da ba nasu ba, kuma abin da suke kwafa kaɗan ne daga abin da ke shafin. Gani ya kori ji. A buɗe hoton shafin a karanta.

Harshen shafin ya danganta da shekara da ɗarika. Na Katolika da Latin aka fi rubuta su. A shekarun 1840, lokacin da Hangaranci ya zama harshen hukuma, sai littattafai suka koma Hangaranci. Bayan an murƙushe juyin juya halin Hangari na 1848 zuwa 1849 aka dawo Latin. Can wajen ƙarshen ƙarnin Hangaranci ya sake dawowa. Lutarawa sukan yi rubutu da Jamusanci ko da tsohon harshen Cek da suke ibada da shi. Katolikan Girka na arewa maso gabas, waɗanda ba Girkawa ba ne, Katolika ne masu ibada irin ta cocin Gabas, a wasu shekaru, da baƙaƙen Sirilik irin na Rasha suke rubutu. Sakamakon haka mutum ɗaya yana iya zama Joannes ranar baftisma, János ranar aure, Ján a bakin uwarsa, John a Pittsburgh. Juraj shi ne Georgius, shi ne György. Alžbeta ita ce Elisabetha, ita ce Erzsébet. Sunan dangi ma yana sauya riga: abin da Basulobake zai rubuta Kováč, marubucin Hangari zai rubuta Kovács. A rubutun Hangaranci kuma sunan dangi ne ke zuwa farko, sannan matar aure takan ɓace cikin sunan mijinta da ɗan ƙarin né a ƙarshe. Ba sai mutum ya iya waɗannan harsuna ba. Kalmomi hamsin zuwa ɗari na kowanne sun isa, domin shafukan a jere suke, gurbi-gurbi, abu ɗaya ake maimaitawa.

Haɗarin da ya fi girma shi ne kama kakan wani a ce naka ne. A ƙauye mai gida tamanin ana iya samun maza huɗu masu suna ɗaya da sunan dangi ɗaya, biyu daga cikinsu sun auri mata masu suna Mária. Kama da wane ba ta wane. Abubuwan da ke raba su suna nan a shafin ga mai lura. Akwai lambar gida, wadda ake yawan rubutawa a ƙarni na 19. Akwai iyayen baftisma, waɗanda iyali ɗaya kan riƙa kira a kowace haihuwa shekara da shekaru. Akwai kuma laƙabin gida, wanda fada kan rubuta bayan kalmar alias, kamar yadda a garuruwanmu in an ce Malam Audu sai a tambaya na wane gida. Wani lokaci laƙabin ne ke zama sunan dangi a zuriya ta gaba, musamman idan namiji ya tare a gidan surukansa. Sannan a riƙa duba littafin mutuwa tare da na baftisma. Yara da yawa ba sa kai shekara biyar, iyaye kuma sukan mayar wa jariri na gaba sunan wanda ya rasu. Ɗan ƙaramin gicciye a gefen sunan yaro alama ce ta cewa ya mutu. Wanda bai kula da shi ba zai ɗauki yaron da aka binne yana da wata shida ya mai da shi kakansa. Shafukan mutuwa na 1831 da na 1873, shekarun kwalara, suna da nauyin karantawa: sai ka ga fada ya cika shafi bayan shafi cikin makonni kaɗan, gida ɗaya yana fitowa sau uku ko huɗu.

Abu biyu na doka suna da amfani a nan. Kafin dokar sassauci ta Sarki Joseph na Biyu a 1781, Furotesta a wurare da yawa ba su da izinin riƙe nasu littafi, don haka Lutarawa da mabiya Kalbin na wancan zamani a littafin Katolika ake neman su. Na biyu, dokar 1827 ta wajabta a riƙa yin kwafi na biyu na kowane littafi ana aika wa gunduma. Idan an ce maka littafin ƙauyenku ya ƙone, tambayi kwafin.

Ranar 1 ga Oktoba 1895 Hangari ta fara rajistar hukuma ta haihuwa da aure da mutuwa, kuma daga nan hanya take ƙuntata. Waɗannan littattafai suna zama a ofishin rajista na gari, wato matričný úrad, har sai shekara 100 ta wuce a kan rubutu na ƙarshe a littafin haihuwa, ko 80 a na aure da na mutuwa, sannan su koma ma'ajiyar tarihi. Kafin lokacin sai dangi na jini, da hujja a hannu, ake ba wa bayani. Shi ya sa sau da yawa ya fi sauƙi a gano wanda aka haifa a 1850 fiye da wanda aka haifa a 1930.

Littafin coci yana ba da suna da rana. Yadda mutanen suka rayu kuwa, wasu takardu ne ke faɗa. Ƙidayar 1869 ta tsira a wasu gundumomi, ciki har da Šariš da Zemplín da Spiš da Nitra, kuma gida-gida aka bi. Tana nuna kowa da ke kwana a gidan, da shekarar haihuwarsa, da addininsa, da sana'arsa, da ko ya iya karatu da rubutu, da yawan ɗakuna, har da shanu da tumaki da aladu da amyar zuma. Takarda ɗaya za ta nuna maka mutum goma sha ɗaya a ɗaki guda da saniya ɗaya, ka fahimci dalilin tafiya Amurka ba tare da wani ya yi maka bayani ba. Takardun ƙidayar 1930 kuma suna Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Bratislava, an ɗora hotunansu a shafin Slovakiana.

Wadda ta fi taɓa ni ita ce takardar da ake kira Urbarium. A 1767 Sarauniya Maria Theresa ta ba da umarnin a daidaita abin da manomi ke bin ubangidan ƙasa da abin da ubangida ke binsa, domin zaluncin ya yi yawa har yana rage harajin da ke isa fadar sarauniya. Manomin da ke riƙe da cikakkiyar gona, aka ce zai yi wa ubangida aikin dole na kwana 52 a shekara idan da dabbobinsa ya zo, ko kwana 104 idan da hannu ne, ban da kaso ɗaya cikin tara na amfanin gona. Jami'ai suka bi ƙauye-ƙauye suna rubuta sunan kowane magidanci da girman gonarsa, suna raba masu gona da waɗanda ba su da komai sai bukka, har da waɗanda ko bukkar ba su da ita. Kafin su rubuta, sai sun tara dattawan ƙauye sun yi musu tambayoyi tara, kuma a harshen mutanen aka rubuta amsoshin. A nan za ka ji manoma da bakinsu suna cewa ƙasarsu duwatsu ce, rafi na cinye musu ciyawa, kasuwa ta yi nisa, ko kuma suna da itace da wurin niƙa kusa. A cikin tarin takardun da fada da hakimi da jami'in haraji suka rubuta a kan talakawa, da wuya a samu wata da talakan ya yi magana da kansa kamar wannan. Shafin Hungaricana ya ɗora su, shafin taswirori na Arcanum kuma yana da taswirar soja ta shekarun 1780 da ta ƙarni na 19, inda za a ga ƙauyen da gidajensa da gonakinsa yadda suke kafin a soke wannan tsari na bautar gona a 1848.

Akwai wata gaskiya da binciken kan fito da ita, wadda ba kowa ke shirye ya ji ba: ba duk wanda ya fito daga Sulobakiya ne Basulobake ba. Idan kakanni Katolikan Girka ne daga tsaunukan arewa maso gabas, suna bikin Kirsimeti a watan Janairu, akwai yiwuwar 'yan ƙabilar Rusyn ne, masu harshensu daban. Iyayen mai zanen nan na Amurka Andy Warhol daga ƙauyen Miková suke, Rusyn ne, kuma tun 1991 akwai gidan tarihi da sunansa a Medzilaborce. A Spiš da garuruwan haƙar ma'adinai akwai Jamusawa da suka zauna tun ƙarni na 12 da na 13, aka kori mafi yawansu bayan 1945. Kudu cike take da Hangarawa har yau. Akwai 'yan ƙabilar Roma, da ake kira Gypsy da Turanci, waɗanda takardu suka fi kowa yi wa rowa. A ɗaya gefen kuma akwai Sulobakawan da tun ƙarni na 18 suka gangara kudu, zuwa Békéscsaba a Hangari, da Bački Petrovac da Kovačica a Sabiya, da Nădlac a Romaniya, waɗanda takardunsu na waɗancan ƙasashe.

Na Yahudawa ya fi kowanne ciwo. Dokar 1787 ta tilasta musu ɗaukar sunan dangi na dindindin, rajistarsu kuma ba ta daidaita sosai ba sai tsakiyar ƙarni na 19. Daga watan Maris zuwa Oktoba na 1942 gwamnatin Sulobakiya ta wancan lokaci ta kwashe Yahudawa fiye da 57,000 ta miƙa wa Jamus. Jirgin ƙasa na farko ya tashi daga Poprad ranar 25 ga Maris ɗauke da 'yan mata. Na yankin kudu da ke hannun Hangari an kwashe su a 1944. Ga zuriyar waɗanda suka tsira, bincike ya wuce neman kakanni, neman sunayen dangin da aka shafe ne gaba ɗaya. Rumbun JewishGen, da na Yad Vashem, da gidan tarihin da aka buɗe a tsohon sansanin Sereď a 2016, nan ne ake komawa.

Batun al'ada ma ƙauyen ne ke yanke hukunci. Wanda ya gano jininsa na Sulobakiya yakan yi saurin rungumar abin da ake tallatawa a matsayin alamar ƙasa, misali fujara, doguwar sarewar makiyaya mai kusan tsawon mutum, wadda UNESCO ta karrama a 2005. Abin alfahari ce, amma ta tsakiyar ƙasar ce, yankin Detva. Manomin Zemplín wataƙila bai taɓa jin sautinta ba. Tufafin gargajiya, kroj, suna bambanta daga kwari zuwa kwari, wani lokaci daga ƙauye zuwa na kusa da shi, har masani kan iya duban tsohon hoton biki ya faɗi yankin daga irin adon hannun riga ko hular da matar aure ta sa. Saboda haka tsohon hoton da ke cikin akwati shi ma hujja ce, a nuna wa masu gidan tarihi na yankin. Idan dangi daga Kysuce suke a arewa maso yamma, a nemi tarihin drotári, masu yawo ƙasa-ƙasa suna ɗaure fasassun tukwane da waya, sana'ar da ta kai su har Rasha da Amurka; akwai tarin kayansu a fadar Budatín da ke Žilina, kuma UNESCO ta sa sana'ar a jerinta a 2019. Idan daga gabas suke, a nemi cocinan katako na tsaunukan Karpat, waɗanda takwas daga cikinsu suka shiga jerin kayan tarihi na duniya a 2008.

Garin Martin ne cibiyar wannan fanni. A nan aka kafa Matica slovenská a 1863 don raya harshe da al'ada, hukumar Hangari ta rufe ta a 1875, aka sake buɗe ta a 1919. A nan Laburaren Ƙasa yake, da ƙungiyar masu binciken salsala da tambarin iyali da aka kafa a 1991, da Gidan Tarihin Ƙauyen Sulobakiya, fili ne da aka kwaso gidaje na gaske daga yankuna aka sake kafa su. Shiga ɗaya daga cikin ɗakunan nan, da murhunsa da bencinsa da gadonsa guda, yana fassara takardar ƙidayar 1869 fiye da kowane sharhi. Ƙauyen Vlkolínec kusa da Ružomberok, wanda ke jerin UNESCO tun 1993, shi kuma a inda yake aka bar shi. Ga masu Turanci, ƙungiyar binciken salsalar Cekawa da Sulobakawa da aka kafa a 1988 a St. Paul ta jihar Minnesota tana da mujalla da taruka da mutanen da suka saba da karanta waɗannan shafuka.

Tun daga 1 ga Afrilu 2022 binciken ya samu wani nauyi na daban. Gyaran da aka yi wa dokar zama ɗan ƙasa ya ba mutum damar nema idan mahaifinsa ko kakansa ko kakan mahaifinsa, ta wajen uwa ko ta wajen uba, ɗan Cekosulobakiya ne da aka haifa a cikin iyakar Sulobakiya ta yau. Sharuɗɗan da suka shafi kakan biyu ne, kuma na farkon ne ke kayar da mutane: wanda ya tafi a 1900 ya karɓi takardar zama ɗan Amurka kafin 1918, yana iya yiwuwa bai taɓa zama ɗan Cekosulobakiya ba, tunda ƙasar ba ta wanzu ba a lokacin. Don haka ranar da kakan ya karɓi takardar Amurka tana da muhimmanci kamar ranar haihuwarsa, tsohon fasfo ko sunansa a ƙidayar 1930 kuma na iya zama hujja. Hoton shafi da aka sauko da shi daga intanet ba ya wadatarwa a ofis. Sai an rubuta wa ma'ajiyar tarihi ko ofishin rajistar da littafin yake, an ba su sunan ƙauye da ɗarika da shekara, su fitar da takarda mai hatimi.